Jingar Faris Ba Ta Ɓalle Ba

Mutumin da aka ce zai tarbe ni a filin jirgin Faris har yau bai iso ba. Na tsaya riƙe da jakata, da ƙullin busasshen kifin da Iya ta cusa mini a ciki, ina ta kiran lambarsa. Wata mata ce ke ɗauka tana zuba mini Faransanci, ni kuma ina ce mata, "Hajiya, don Allah ki ba shi wayar." Sai daga baya na gane na'ura ce ke gaya mini layin a kashe yake. Dillalin da ya yi mini hanya a Kano ya rantse har da dafa ƙirji cewa akwai aiki a wani sito na riɗi da zoɓo, wai suna neman wanda ya san kayan tun daga gona. Babu sito, babu riɗi, babu zoɓo. Sanyi kawai na tarar, irin wanda ke shiga har cikin haƙori.

Sunana Haruna, daga wani ƙauye a gefen Auyo, ƙasar Haɗejiya. Ni ne auta a ɗakinmu. Kuma kada wani ya ce kwaɗayin Turai ne ya fitar da ni. Ruwa ne ya kore ni.

A ƙauyenmu akwai jinga, tudun ƙasa mai tsawo da kakanni suka tara tsakaninmu da kogi. Kowane gida da yankinsa a kanta. In ruwa ya taso, maza suna kai da buhunan ƙasa har ya janye. Tun muna yara abu ɗaya ake cusa mana a kunne: in ka ga ruwa ya huda jinga, ba ka gudu. Ka yi kururuwa, ka cusa abin da ke hannunka, buhu ne, tabarma ce, ko rigar jikinka. Yayana Sabo abin da ya yi ke nan. Ruwan ya tafi da buhun, ya tafi da shi. Can wajen Guri masunta suka tsince shi a cikin ciyawar kacalla.

Tun daga ranar na tsani kogin nan. Na ce wa Iya a sayar da gonar fadamar da Baba ya bar mana, ta koma wurin ƙanwarta a cikin Haɗejiya, inda za ta yi barci da ido biyu a rufe. Ba ta yi mini musu ba. Ta ce, "Gona taka ce yanzu, Auta. Ranar da ka ce a sayar, za a sayar." Ta san abin da take yi, tsohuwar nan. Ta ɗora mini kalmar a baki ta koma gefe, ni kuma na kasa furta ta, har na bar ƙasar ban furta ba.

Masaukina na farko a Faris wani ɗan masallaci ne a ƙasan bene. Wani mai shara a filin jirgi ya ga ina salla a lungu, ya nuna mini motar da zan shiga. Ladanin tsoho ne ɗan ƙasar Mali. Hausarsa ba ta wuce "sannu" ba, ni kuma ba na jin ko ɗaya daga cikin harsunansa. Ya dube ni cikin 'yar shaddata ina kaɗuwa, ya shiga ɗaki ya fito da wani kwat mai nauyi, toka-toka, hannunsa ya fi nawa tsawo. Ya sa mini da kansa, ya ɓalla maɓallan har wuya kamar yaro za shi makaranta. Na ba shi rabin kifina. Ya shinshina, ya lumshe ido, ya faɗi sunan wani kogi nasu.

Daga nan sai wankin tukwane a bayan wani gidan abinci. Mai gidan baƙar fata ne irina, har yana ce mini ɗan uwa. Ɗan uwa! In wata ya ƙare sai ya kama tari, ya ce ciniki ya faɗi, ya ce takarduna ne matsala, ya ce in yi haƙuri. Hannuna ya tsattsage da ruwan sabulu har ba na iya dunƙule shi. Ban ce masa Allah ya isa ba, amma ban ce na yafe ba. A ɗakin wanke-wanken nan damina guda ta wuce a gida. In na kira Iya na tambaye ta jinga, sai ta ce, "An tsaya." Ba na ƙara tambaya, don ba na son jin sauran.

Allah ya kawo mini sauƙi ta ƙofar jirgin ƙasa. Wata safiya ƙofar ta datse mini gefen kwat, na ja, ta ƙi saki. Na ce, "Kai! Wannan wace irin masifa ce!"

Sai na ji murya a bayana: "Ɗan wane gari ne ke zagin jirgin mutane?"

Na waiga. Wani dattijo ne gajere mai furfura a gemu, yana dariya. Hausa! Na ji kamar in rungume shi. Na ce, "Haɗejiya."

"Allahu akbar! Ashe bawana ne ya ɓace. Mi ya kawo ka nan, ba da izinin ubangidanka ba?"

Malam Lawali ke nan, Bakatsinen Maraɗi, direban tasi, ya daɗe a birnin har 'ya'yansa sun girma. Kowa ya san wasan da ke tsakaninmu da Katsinawa. Ko a gidan makoki muka haɗu sai an taɓa. Ban san lokacin da bakina ya ce, "Mu da muka saye ku da ƙullin daddawa?" ba. Ya yi dariya har da riƙe ƙarfe. A ranar ya kai ni gidansa, matarsa ta tuƙa tuwo da miyar kuka, na ci ina share hawaye ina cewa yaji ne. Shi ya raba ni da mai tari, ya samo mini aikin sauke kayan miya a wata kasuwa, wurin mutumin da ke biyan haƙƙi.

Abu ɗaya ya lura da shi. Kogi ya ratsa tsakiyar birnin, gada a ko'ina, ni kuwa in za mu haye sai in zuba wa takalmina ido. Na ba shi labarin Yaya Sabo sau ɗaya, ya yi addu'a, bai sake tayarwa ba.

Da sanyi na biyu ya fara ja da baya, Iya ta kira. Ta ce wani Alhaji daga cikin gari, mai injinan ban ruwa, yana son gonar, kuma yana son amsa kafin damina. Na ce ta ba ni zuwa Lahadi. A raina na gama yanke hukunci. Na gaya wa Malam Lawali, na ce ni da ruwa mun rabu, ran Lahadi da la'asar zan kira ta in ce a sayar.

Ya ce, "To, madalla. Amma kafin nan kana da aiki. Tunda ka zo garin nan ba abin da ka gani sai gindin tukunya da buhun albasa. Zan kai ka yawon jirgin ruwa."

"Ba ni zuwa."

"Mi ka ce? Bahaɗeje na tsoron ruwa? Bari in kira Maraɗi in shaida musu. Dama an ce ku a kwano kuke kamun kifi."

Wallahi da wani ne ya faɗa, da na share. Amma Bakatsine? Na ce ya faɗi lokaci.

Jirgin dogo ne, mai faɗi, da kujeru a jere, gaba a buɗe. Ya cika da 'yan yawon buɗe ido, tsofaffi da masu yara, kowa da waya a hannu. Na yi bismilla na taka. Don kada Malam Lawali ya samu abin faɗa, na wuce can gaba na zauna a kujerar farko. Wata budurwa ta ɗauki lasifika tana bayani, shi kuma yana juya mini da Hausa, yana ƙara nasa. Ya ce wannan ba kogin ba ne, hanyar ruwa ce da mutane suka haƙa da hannu tun zamanin kakannin kakanni, don a kawo wa birni ruwa da kaya.

Ban gama jin wannan ba na ga mun nufi wani baƙin rami a jikin bango. Na ce, "Malam, ina za mu?"

"Ƙarƙashin gari."

"Da ranmu?"

Muka shiga. Hasken rana ya yanke, hayaniyar motoci ta ɗauke ɗif. Sanyi ya sauko, da wani ƙamshi na jiƙaƙƙiyar ƙasa, irin na bakin fadama da asuba. Na riƙe ƙarfen kujera ina karanta duk abin da ya zo bakina. Da idona ya saba da duhun, na ɗaga kai.

Jama'a, na ga aiki. Rufin dutse ne, an lanƙwasa shi daga wannan gefe zuwa wancan kamar bakan gizon ɗakin soro, dutse a kan dutse, kowanne ya zauna daram a jikin ɗan uwansa. Ba ƙarfe, ba ginshiƙi a tsakiya. Kuma ba ɗan guntu ba ne, tafiya muke ta yi ba ta ƙarewa. Can sai ga haske ya zubo daga sama ta wata kafa zagayayya, ya sauka a kan ruwa, ruwan ya yi kore shar, inuwarsa tana wasa a jikin dutsen. Ganye ya leƙo ta bakin kafar. Muka ratsa hasken, ya bi ta kan fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, muka koma duhu, can gaba ga wata kafar tana jira. Ko yaran da ke ta surutu sun yi tsit.

Malam Lawali ya raɗa mini, "Ka san mi ke bisa kanmu? Titi. Nan nake bi da tasi kullum. Akwai kasuwa, akwai gidaje, akwai masu barci."

"A kan ruwa?"

"A kan ruwa."

 Ni da na tashi a inda in ruwa ya matso kusa da gida ake kwashe yara da awaki, ga shi an kama ruwa an bi da shi ta ƙarƙashin gadajen mutane, yana tafiya a hankali kamar san noma da ya saba da igiya. Na miƙa hannu na kusa taɓa bangon. Na yi tunanin waɗanda suka jera duwatsun nan. Ban san sunansu ba, ban san addininsu ba, amma na san bayansu ya yi ciwo, kuma na san ba su yi ha'inci ba. Sai na ji na saki ƙarfen kujerar ban sani ba.

Muka fito cikin rana, ido yana ƙyalli. Jirgin ya shiga wani wuri kamar zaure, bango dama, bango hagu, doguwar ƙofa a gabanmu, wata kuma ta rufe a bayanmu. Malam Lawali ya juya yana gaisawa da wata tsohuwar Baturiya da ke kusa da shi, bai gaya mini abin da ke tafe ba. Ni kuwa ƙofar gaban nake kallo. Baƙa ce, jiƙaƙƙiya, ta fi mu tsawo nesa, gansakuka a jikinta. Daga tsakiyarta, inda ɓangarorin biyu suka haɗu, ruwa yana tsartuwa.

Na san wannan tsartuwar. Siririya take farawa. Na ɗaga kai na gane ruwan da ke bayan ƙofar ya fi kanmu tudu. Kafin in haɗiye yawu, sai wani ruri ya taso daga ƙasa, farin ruwa ya yi tsalle yana tafasa, jirgin ya girgiza.

Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na ji muryata tana cewa, "Jama'a! Ta ɓalle! A kawo buhu! A kawo buhu!" Na tuɓe kwat ɗin, na dunƙule shi, na haye ƙarfen gaban jirgi na miƙa rabin jikina waje ina neman cusa shi a tsagar. Hannuna bai kai ba. Na ƙara miƙewa. Sai na ji an cafke ni ta ɗamara an fizgo ni baya, muka zube ni da Malam Lawali a tsakanin kujeru. Kwat ya tafi ruwa.

"Kai, Haruna! Haruna! Da gangan ne! Su suka buɗe!"

Da na dawo hayyacina, jirgin gaba ɗaya ni yake kallo. Wasu sun fashe da dariya. Wani saurayi ya saita ni da waya. Mai lasifika ta saki baki. Wani ma'aikacin jirgin ya iso da gudu yana faɗa, fuskarsa ta yi ja. Kunya ta rufe ni, na ce yau na shiga uku, Bakatsine ya samu abin da zai ja ni da shi har kabari.

Bai yi dariya ba. Ya miƙe, ya kakkaɓe wandonsa, ya juya ga mutanen ya yi magana da Faransanci, a hankali, ba tsawa. Ban ji komai ba sai "Haɗejiya" da "Sabo." Na ga ya nuna ƙofar, ya nuna ƙirjinsa. Dariyar ta mutu. Saurayin ya sauke wayarsa ya sa a aljihu. Ma'aikacin ya tsaya jim, ya je ya ɗauko wata doguwar sanda mai ƙugiya, ya kamo kwat ɗina, ya matse shi da hannunsa, ya shanya a kan ƙarfe. Tsohuwar Baturiyar nan ta warware mayafin ulu daga wuyanta ta yafa mini a kafaɗa, ta ɗan bubbuga hannuna, ta faɗi wata magana.

Na ce, "Me ta ce?"

"Ta ce ka zauna ka kalla, yanzu ne abin zai yi kyau."

Na zauna na kalla. Ruwan da na ɗauka ajali ne, ashe ɗaga mu yake. Bangon da ya fi mu tsawo yana ta gajarta, muna hawa, jirgi da mutanensa da komai, ba wanda ya sa hannu. Kanmu ya fito daidai titi. Ga bishiyoyi a jere, ga wata siririyar gadar ƙarfe mutane a kai suna ɗaga mana hannu, ga masu shan shayi a bakin ruwa sun saki ƙafafu. Da ruwan ciki ya yi daidai da na waje, rurin ya kwanta, ƙofar nan mai ban tsoro ta buɗe a hankali kamar ana yi wa baƙo maraba. Muka wuce.

Haka muka yi ta yi, zaure bayan zaure, jirgi yana hawa tudu da ruwa. A wani wuri ma titi ne sukutum ya juya gefe, motoci suka tsaya, muka wuce, ya koma wurinsa. A zaure na gaba da ruwan ya fara ruri, ban rufe ido ba. Na lura da inda yake shigowa, da yadda ake sakinsa kaɗan-kaɗan. Ba su fi ruwa ƙarfi ba, mutanen nan. Sun dai zauna da shi shekara da shekaru har suka san halinsa, kuma wanda ya gina bai gudu ba, wanda ya gada bai bar shi ya lalace ba. Abin ya burge ni, ya kuma ba ni haushi, don ƙasarmu ta fi tasu ruwa mai albarka.

Da muka sauka, muka zauna a wani benci a bakin ruwan, kwat yana ɗiga a gefe. Malam Lawali ya zuba wa ruwan ido.

Can ya ce, "Bawana."

"Na'am."

"Kai ne ka ce kun rabu da ruwa?"

Na kai hannu ina matse gefen kwat.

"Da abin ya yi ruri, duk jirgin nan kowa baya ya ja. Har ni. Kai kaɗai ka yi gaba." Ya duba agogonsa. "La'asar ta yi. Kira ta."

Na kira. Ta ɗauka, ina jin kaji a bayanta. Muka gaisa, ta tambayi sanyi, ta tambayi mai masaukina. Sannan ta jira abin da zan ce.

Na ce, "Iya, a ba Alhaji haƙuri. Kada a sayar."

"To," ta ce. Shi ke nan. Amma na ji numfashin da ta sauke.

Na ba ta labarin ramin, da hasken da ke zubowa, da jirgin da ke hawa tudu. Na gaya mata abin da na yi da kwat. Ta yi dariya har da tari, rabon da in ji dariyarta tun kafin rasuwar. Ta ce, "Su ba sa kwana a bakin ruwan?"

"Barcinsu suke yi, Iya. A kansa ma."

"Ikon Allah. To ka kalla da kyau."

Sai na yi tambayar da na daɗe ina gudu. Na ce, "Iya, bara da ruwa ya taso, wa ya tsaya a yankinmu?"

"An tsaya."

"Na sani. Wa?"

Kajin suka yi ta kuka. Ba ta taɓa kiran sunan Yaya Sabo ba, ɗan fari ne, ko bayan ransa ba ta fara ba. Ta ce, "Wurin yayanka ne. Maƙwabta sun ce za su karɓa, na ce kowa da nasa yankin." Ta ƙara da cewa, "Buhu ya fi ƙarfina, Auta. Da kwano nake kai ƙasar. Amma ta wajenmu ba ta huda ba."

Na kifa kaina a gwiwa, a gaban Turawa, a gaban Bakatsine, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Malam Lawali ya karɓi wayar ya gaishe ta, na ji yana cewa, "Iya, bawan nan nawa na 'yanta shi, yana nan tahe."

Hadarin farko bai haɗu ba sai da na sauka a tashar Haɗejiya, da kwat ɗin ladan a jaka. Da na isa ƙauye na tarar da kwanon a bakin ƙofar ɗakin Iya, duk ya lotse, gefensa ya cinye. Na ɗauka zan ajiye mata shi a kan rumbu, ta fizge abinta. Ta ce in je in nemi buhuna, kwano nata ne.